Jaka Ta Uku

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, ƙanena ya same ni a zaure da waya a hannu yana ta nuna mini hotunan jakunkuna. Ya daɗe yana tari har ya sayi dogon idon kyamara, irin wanda ake janyo abin da ke nesa da shi, don ya gaji da zuwa hawan sallah a Katsina yana dawowa da hotunan ƙeyar 'yan kallo maimakon fuskokin mahaya. Yanzu kuma abin da zai zuba kayan ne ya hana shi sakat.

"Yaya, wacce zan saya? Wannan an ce ruwa ba ya shigarta, waccan kuma aljihunta 12."

Na ce ya ajiye wayar, ya shiga cikin gida ya aro tef ɗin awo na ɗinki. Ya dube ni kamar wanda ake yi wa ba'a. Abin da na gaya masa a ranar shi zan rubuta a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Ni kaina sai da na yi jaka uku a Khartum kafin in gane bakin zaren.

Na je Sudan karatu a 2017, a Jami'ar Ifriƙiya da ke kudancin Khartum, inda a lokacin ɗaliban Najeriya da Nijar suke da yawa har mutum kan iya yini bai yi Larabci ba in ya ga dama. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, gari uku ne suka haɗa kai kogi ya raba su: Khartum, da Umdurman, da Bahri. A wurin da ake kira Mugran ne Farin Nilu da ke tahowa daga kudu yake haɗuwa da Shuɗin Nilu mai gangarowa daga tsaunukan Habasha, ga tsibirin Tuti nan kusa. Ba nisa da nan, a gaɓar Farin Nilu, akwai dajin Sunut. Sunut ɗin kuwa ba wani baƙon itace ba ne, bagaruwarmu ce ta jima. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin. Duk damina kogi kan cika ya shanye shi, in ruwa ya janye sai tsuntsaye su yi dafifi: zalɓe, da balbela, da jinjimi, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke gudo wa sanyin Turai su yi hunturu a bakin Nilu. Ni da na tashi a gidan da ake lissafin zuwan damina da zuwan shamuwa, ganin wannan ya tafi da hankalina.

A ƙarshen 2019 na sayi dogon idon a hannun wani ma'aikacin wata ƙungiya da zai bar ƙasar. Irin mai zuƙowa ne daga 150 zuwa 600. Nauyinsa ya kusa kilo 2, tsawonsa a naɗe santimita 26, faɗin bakinsa ya ɗan haura santimita 10. In aka ɗaura masa kyamara sai su tasar wa kilo 3, tsawon kuma ya kai wajen santimita 35. Kuɗin da na tara na shekara biyu daga ɗaukar hoton walima da yaye ɗalibai duk a nan suka tafi, ko na jaka bai saura ba. Na ce ai jaka jaka ce.

Jakata ta farko ita ce wadda nake zuba littattafai. In naɗe idon a tawul, in cusa shi tsakanin riga da gorar ruwa, in kama hanya. Haka na yi ta yi har damina ta 2020, shekarar da Nilu ya yi cikar da ta zarce ta 1946 da ta 1988. Da ruwa ya ja baya na shiga dajin wata safiya, ƙasa ta bushe ta sama ta tsattsage, ƙarƙashinta kuwa taɓo. Na ɗaga ƙafa zan tsallake wani rami sai na ji "ɓarat" a kafaɗar dama. Hannun jakar ya rabu da jikinta daga ɗinki, ta wulwulo ta daki saiwar bagaruwa. Na fi minti biyar a tsugune ban iya buɗewa ba. Da na buɗe, hular da ake kifawa a bakin idon ce ta tsage, gilashin ya tsira. Wani mai gyara da na kai wa ya gaya mini cewa sa'a na taka, domin ba gilashi ne ya fi saurin lalacewa ba, mahaɗar da ke tsakanin kyamara da ido ce. Kilo 2 da ke rataye a jikin 'yan ƙananan kusoshi, in suka sha jijjiga ko suka daku a karkace, sai mahaɗar ta lanƙwashe, daga nan kowane hoto gefe ɗaya zai fito garau ɗayan dishi-dishi. Ranar na yarda araha ba ta ado.

Na ci bashi na tafi Suk Arabi neman jakar kyamara ta gaske. A wani shago na tarar da guda biyu da za su ɗauki kayana, duka na hannu. Ɗaya mai launin kakin soja, da zanen ganye-ganye, irin wadda masu ɗaukar namun daji a Turai suke so don kada tsuntsu ya gan su. Ita ta fara burge ni. Abokina ɗan Sudan da ya raka ni ya kama hannuna ya ja ni gefe. "Ya zol, kai baƙo ne, ga jakar soja, ga bututu a ciki mai tsawon kamu. Wa kake so a ce kai ne?" Na haƙura na ɗauki ɗayar, baƙa wuluk, da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a gaba, cikinta an rarraba shi ɗaki-ɗaki da soso. Na dawo masauki ina jin kaina kamar ma'aikacin gidan talabijin.

Jakar ba ta da laifi a ƙasar da aka yi ta dominta. A Khartum ne ba ta dace ba, kuma sannu a hankali jiki ya gaya mini. A watan Mayu zafi yakan haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 45. Baƙin yadi yana shan rana, in na buɗe da azahar sai in ji kyamara da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ta gaba ake buɗe ta, ma'ana dole in kwantar da ita a ƙasa ta ɓangaren da ke taɓa bayana, in na gama in mayar da ƙurar a farar jallabiya. Ɗamarar ƙugunta kuwa siririyar igiya ce kawai, saboda haka kilo 8 na kyamara da ido da ƙafar kyamara da ruwan sha duk a kafaɗa suke sauka. Tafiyar awa ɗaya sai yatsuna su fara sagewa, ga shi mai dogon ido ba abin da yake bukata kamar hannun da ba ya rawa.

Sai ranar habub. Mu a gida muna ce wa irinsa holoƙo, amma na Khartum ya fi ƙarfin wannan suna. Tsakanin Mayu da Yuli yake zuwa, bango guda na jar ƙasa daga ƙasa har sama, ya mayar da la'asar ta koma dare. Wata Juma'a ce ina maƙabartar Hamad al-Nil a Umdurman, inda 'yan Ƙadiriyya ke taruwa bayan la'asar suna zikiri da riguna kore da ja har faɗuwar rana. Ina tsaye nesa ina jan fuskar wani dattijo da ya lumshe ido, sai na ga mutane suna waiwaye gabas. Kafin in durƙusa in kwantar da jaka, in zuge zif mai zagaye ta kusan duka, in gyara wa idon wurinsa, ƙasa ta riga ni shiga. Bakin jakar a wangale yake kamar faranti. Irin wannan ido kuma in ana zuƙo shi yana miƙewa yana komawa, iska yake shaƙa yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, duk ƙurar da ta kwanta a jikinsa ciki take bi. Washegari in na murɗa shi sai in ji ƙaras-ƙaras kamar shinkafa mai tsakuwa. Kuɗin wankinsa ya kusa rabin kuɗin jakar.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Ko a lokacin zaman lafiya, baƙo a Sudan sai da takardar izini yake ɗaukar hoto, kuma gadoji da gine-ginen gwamnati da wuraren soja ba a ɗaukarsu sam. Dajin Sunut kuwa a gindin gadoji yake. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, da zanga-zanga ta zama ta kowane mako har ana toshe gadoji da kwantenoni, jakar da ke shelar "ga kyamara" ta koma kaya. Sau biyu ana tsayar da ni. Na biyun na yi awa uku a kan benci wani mutum mai farin kaya yana bin hotunana ɗaya bayan ɗaya, yana tambayata abin da ya haɗa ɗalibin shari'a da zalɓe. Bai zage ni ba, har shayi ya sa aka kawo mini, amma na fita na san wannan jaka ta gama aiki.

Zif ɗinta ma ya riga ya ci ƙasa ya daina kamawa, shi ya kai ni layin dukawa a kasuwar Umdurman. Ina cikin tambaya da Larabci sai na ji wani tsoho yana yi wa yaronsa faɗa: "Kai, miƙo mini basilla, kana tsaye kamar gunki!" Na juya na yi masa sallama da Hausa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan wace ƙasa?" Na ce Katsina. Ya sa aka matsa mini a kan tabarma.

Hausarsa irin ta da ce, wadda ban ƙara jin irinta ba tun rasuwar kakata, da Larabci jefi-jefi a ciki. Bai taɓa taka Najeriya ba. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Irinsu da yawa a Sudan: wasu hijira ta kawo su, wasu niyyar Makka suka yi a ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira, suka hayayyafa.

Na nuna masa zif ɗin. Bai ko kalle shi ba. Ya ce in zuba kayan duka, in goya, in je ƙarshen layi in dawo. Da na dawo ya ce, "Ɗana, ka taɓa ɗora wa jaki kaya?"

Na ce, "Baba, na dai ga ana yi."

"To da ka yi da ka sani. Ba a ɗora kaya a wuyan jaki. Akumari ake fara sawa, sannan mangala ta zauna daidai, dama da hagu nauyi ɗaya. Kai ka rataya kayanka a wuya, suna ja da baya kana ja da gaba. In na gyara maka zif na cuce ka."

Ya aike ni Suk Libya wajen 'yan gwanjo, ya ce in nemo jakar masu hawan dutse, ba ta kyamara ba. Sharuɗɗansa uku. Ta kasance da ɗamara mai kauri, faɗinta kamar tafin hannu, wadda za ta zauna a kan ƙashin ƙugu. Tsawon bayanta ya yi daidai da nawa, daga ƙashin da ke tudu a gindin wuya zuwa ƙugu, ya kuwa auna ni da igiya ya ƙulla ya ba ni. Sannan bakinta ya zama na zarge, da murfi a sama, ba zif ba, don ƙasa ba ta da abin da za ta ci a jikin igiya. Na yi yawo har na samo wata shuɗiya da rana ta koɗar, ba suna ba tambari, irin wadda ko a tasha aka yar ba mai waiwayarta.

Kwana huɗu ya yi yana aiki. Ya ƙi soson katifa, ya ce yana lotsewa ya sha gumi, ya nemo roba mai tauri irin ta shimfiɗa. Ya auna idon da kyamarar a haɗe, hula a kife, ya ƙara faɗin yatsa biyu a ƙasa da yatsa ɗaya a gefe, ya ɗinka musu kube, ya ɗaure kuben a bangon jakar da ke manne da gadon bayana don nauyi ya tsaya kusa da jiki. A daidai wuyan idon ya sa wani matashi mai kama da gammo, ya tallafe mahaɗar nan da mai gyara ya gargaɗe ni a kanta. Ido yana kallon ƙasa, marikin kyamara yana sama: in ɗage murfi, in sassauta zarge, in zaro kamar takobi, in mayar cikin ƙiftawa biyu. Ya yi wa gindinta faci da fata don ta tsaya da kanta, ba sai an kwantar ba. Cikin ya yi masa shafi da farin yadi don batir ko memori in ya faɗa a gan shi. Ruwa a aljihun waje na dama, ƙafar kyamara a na hagu, mangala ke nan. Da ya gama sai ya kama hannuna ya tura shi ƙarƙashin soson baya, na ji wani aljihu siriri da ban ce a yi ba.

"Wannan fa, Baba?"

"Kakana ya ce matafiyi ba ya rasa aljihun da shi kaɗai ya san da shi. Ban sa a kuɗin ba."

Shekarar 2022 ita ce na fi jin daɗin ɗaukar hoto a rayuwata. Kilo 8 ɗin nan dai su ne, amma yanzu ƙugu ke ɗauka, kafaɗa tana tallafawa kawai. Na yi tafiyar awa uku a madatsar Jabal Auliya ina bin kwasakwasa, na shiga cunkoson 'yan kallon kokawar Nuba a Haj Yusuf ranar Juma'a, na hau bas na hau raksha, ba wanda ya ƙara tsayar da ni, don kowa ɗauka yake ɗalibi ne da kayan wankinsa. Habub ya sake riska ta sau biyu, kafin ya iso na zarge baki na rufe murfi na juya masa baya.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, muka tashi da ƙarar da ba mu taɓa ji ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a tsakiyar gari. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, muka yi sallah a ɗaka. Bayan kwana goma da wani abu aka ce motocin da za su kwashe 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar za su tashi daga jami'a, kowa ya zo da jaka ɗaya ƙarama.

Daren nan na zaro idon na ajiye a kan katifa ina kallonsa da hasken waya. Shekara biyu na tari, da bashi, da duk safiyoyin Sunut. Amma na san hanyar cike take da shingaye, a kowanne akwai yara masu bindiga da ba su yi barci ba. A hannun baƙo, baƙin bututu mai tsawon kamu ko dai a ce makami ne ko a ce kayan leƙen asiri, kuma ba ni kaɗai zai jawo wa ba, har da mutum 50 da ke cikin motar. Na goge shi, na naɗe shi da kyamarar a leda da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, na kai wa maƙwabcinmu mai shago, ya tura su ƙarƙashin buhunan gawayi. Ya ce, "Amana ce, ya zol. Ka dawo lafiya."

A cikin kuben da Baba ya ɗinka na naɗe takardun karatuna na shekara shida, suka shige daidai kamar don su aka yi shi. Na zuba dabino, da riga biyu, da Alƙur'ani ƙarami, ruwa dama da hagu. Fasfo da kuɗi da memori 9, wato duk hotunan da na ɗauka a ƙasar, suka shiga aljihun nan na baya. An sauke mu an bincike mu a hanya ba sau ɗaya ba. Kowane lokaci a ɗage murfi, a ga dabino da takardu, a ture mini ita da ƙafa. Mun kwashe kwanaki a bakin iyakar Argin, rana a kai, dare a kan yashi, jakar ce matashina. Da aka buɗe mana muka wuce Aswan, jirgi ya kawo mu Abuja a farkon Mayu. Ko ɗinki ɗaya bai saki ba.

Lambar mai shagon ta daina shiga tun wannan damina. Ta Baba ma haka. Labarin da ke zuwa daga Khartum shi ne an sare bagaruwar Sunut da yawa an yi itace da gawayi a shekarun yaƙin. Wani lokaci in na buɗe hotunan a kwamfuta, sai in tsaya a kan wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya, bayansa itatuwa cikin ruwa har iya gani, in rasa abin da zan ce.

To, abin da na gaya wa ƙanena ke nan. Ka fara auna kayanka a haɗe kamar yadda za ka zaro su, domin canza ido a fili gayyatar ƙura ce, harmatan ɗinmu kuma ba ya wasa. Ka auna bayanka. Kada ka sayi jakar da ba ka zuba mata nauyi ka yi tafiya da ita ba, in mai kanti ya ƙi, ka bar masa abarsa. Ka ja hannunta da ƙarfi ka duba ɗinkin. In ta kanti kake so, kamfanoni irin su Lowepro da Think Tank suna yin masu buɗewa ta baya, waɗanda ɓarawo ba ya iya zugewa kana goye da su a cikin taron hawa. Ka guji kakin soja a ƙasarmu ta yau, ka guji babban tambari. In kana da niyyar hawa jirgi, ka tuna yawancinsu kilo 7 suke yarda a shiga da shi, kuma ba mai hankalin da zai bari a jefa dogon ido cikin ɗakin kaya. Duk wannan tun yanzu ake yi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya yi shiru yana juya tef ɗin a hannu. Can ya ce, "Yaya, ita jakar tana nan?"

Na shiga ɗaki na sauko da ita daga ƙusa. Ya zura idonsa a kuben, ya shige, sai dai nasa ya fi nawa gajarta da yatsa uku, muka cike ƙasan da tsohon rawani. Ya goya, na ja masa ɗamarar ta zauna a ƙugu, na ce ya je bakin titi ya dawo. Da babbar sallah da ita ya tafi hawa. Aljihun bayan ban nuna masa ba tukuna, har yanzu in na tura hannu ciki jar ƙasar Umdurman nake shafowa.